Kowa da Irin Takunsa

A da, makaɗin jita abu uku yake ɗauka zuwa wurin wasa: jitarsa, waya guda, da amfilifaya. Yanzu an sami na huɗu, kuma shi ya fi duk sauran cin lokaci. Wani shimfiɗaɗɗen akwati ne da ake ajiyewa a ƙasa gaban makaɗi, da ɗan allo mai haske, da maɓallan murɗawa, da jerin madannan da ake takawa da ƙafa, sau da yawa har da feda guda a gefen dama. A cikinsa aka cusa aikin da a da sai mutum ya sayi ƙananan akwatuna goma ko ashirin: mai sa sauti ya yi kaushi, mai eko, mai sa jita ɗaya ta yi amon biyu, mai kwaikwayon amfilifayoyin da makaɗin bai taɓa gani da idonsa ba. Kamfanin Boss na Japan ya fitar da ME-5 a 1988, Zoom ya kawo 505 a 1996 da arhar da ɗalibi ma zai iya saya, Line 6 na Amurka ya fito da POD a 1998. Yau duk inda ake kaɗa jitar lantarki, gidan biki ne a Agadas ko Yamai, majami'a ce a Jos ko Kaduna ko Sabon Garin Kano, otal ne a Abuja, da wuya ka rasa ɗaya a ƙasa da mutum tsugune a kansa.

Tsugunon nan shi ne abin kallo. Akwatin ba shi da wayo ko kaɗan. Sauti ya shiga ta wannan rami, ya bi layin da aka jera masa, ya fita ta wancan, shi ke nan. Saboda haka duk abin da ka ji ya fito daga sifika, halin mai akwatin ne ya fito. Ba ni minti goma in kalli mutum yana saiti, zan gaya maka yadda yake zaune da iyalinsa.

Wanda za ka fara ji tun kafin ka shiga zaure shi ne Kunna-Duka. Lissafinsa ba wuya: kuɗinsa ya biya, an ce masa akwai sauti ɗari a ciki, to barin ɗaya a kashe asara ce. Kaushi a kunne, eko a kunne, amon ɗaki a ƙure, ga mai sa sauti lilo, ga mai ɗora masa murya ta biyu a sama. In ya kaɗa tsirkiya ɗaya, sai ka je ka sha ruwa ka dawo ba ta gama mutuwa ba. Bai kuma damu da wanne ke gaban wanne ba, alhali jerin nan shi ne rabin aikin. Abin da masu sana'ar suka saba shi ne a fara da mai daidaita ƙarfin bugu da fedar wah, sai mai kaushi, sai masu sa lilo da kauri, eko da amon ɗaki su zo a ƙarshe. Dalilin a fili yake. Mai kaushi aikinsa ya ɗaga ƙaramin sauti ya danne babba. In ka sa eko a gabansa, maimaicin da ya kamata ya riƙa dusashewa sai ya miƙe tsaye ya haɗa kafaɗa da sabon bugu, su cakuɗe. Haka yake ɗaga duk wani shuuu da ke cikin waya. Da Kunna-Duka ya ji shuuu ɗin, sai ya lalubo maganinsa a cikin akwatin, wato ƙofar nan da ke rufewa in sauti ya yi ƙasa, ita ma ya murɗe ta har ƙarshe. Yanzu duk bugun da ya yi a hankali ƙofa ta haɗiye, wanda ya yi da ƙarfi kuma ya ƙi mutuwa. Tambaye shi wace waƙa ce wannan, ya ce maka, "Kai ba ka ji faɗinta ba?"

Sai maƙiyin littafi. Ranar da ya buɗe kwali, littafin bayani ya fara ba mai ƙosan bakin layi. A ganinsa namiji ba ya tambayar takarda. Da ya leƙa shafukan farko, da ya ga tambayar da akwatin ke so a amsa masa kafin komai: ina za ka jona ni? Sifikar jita ba irin ta rediyo ba ce, tana zubar da kusan duk abin da ya haura hertz 5,000, kuma wannan zubarwar ce ke sa kaushin jita ya yi daɗin ji. Akwatin ya san haka, shi ya sa yake da kwaikwayon amfilifaya da na sifika a cikinsa, don in za a kai shi kai tsaye ga mikisa. Akwatunan GT na Boss ma jeri suke ba ka ka zaɓa, JC-120 ce, ƙaramar amfilifaya ce, ko layi ne zuwa mikisa. Mutuminmu bai zaɓi komai ba. Ya bar kwaikwayon sifika a kunne, ya soka waya a gaban amfilifayar gaske mai sifikar gaske. An tace sauti sau biyu ke nan, sai ka ji jitar kamar mai magana ta cikin rawani an kuma lulluɓa masa bargo. Mako na zagayowa a kai shi inda babu amfilifaya, a ce ya jona a mikisa. A tsakani kuma garin latse-latse ya kashe kwaikwayon bai sani ba. Sai wani zzz mai soke kunne ya tashi, yara su toshe kunnuwa. Kashegari da sassafe yana ƙofar shago.

"Alhaji, jabu ka ba ni."

"Haba ɗan samari, da hannunka fa ka yage ledar. Ina littafinta?"

"Littafi kuma? Ni da na shekara goma ina kiɗa?"

Yana da ɗan'uwa da suka fito ciki ɗaya amma ba sa ga maciji, Mahaddaci. Shi ya haddace littafin har da lambar shafi. Ya san an kafa tsarin MIDI a 1983, yana da tashoshi 16, ana kiran saiti 128 da shi, kuma wasu na'urori daga 0 suke fara ƙirga wasu daga 1, shi ya sa in ka kira saiti na biyar na shida ke amsawa. Duk gaskiya ne. Abin da ba a taɓa ji ba shi ne ya kaɗa waƙa ɗaya daga farko har ƙarshe. Da ya yi layi biyu sai ya tsaya, ya karkata kai, ya tsuguna. Amma dai a rabu da shi, don shi kowa ke bugawa waya da tsakar dare in allo ya nuna abin da ba a gane ba.

Ɗan-Ɗaki ya fi ba ni tausayi, saboda shi da gaske ya yi aiki. Dare bayan dare, bayan kowa ya yi barci, yana zaune bakin katifa da abin sauraro a kunne, yana murɗa wannan yana rage wancan, har ya haɗa sautin da shi kansa ya sa shi hawaye. Abin da bai sani ba, wasu masu bincike biyu a ɗakin gwajin Bell na Amurka, Fletcher da Munson, sun auna shi tun 1933: in sauti ya yi ƙasa-ƙasa, kunnen ɗan Adam tsakiyarsa ya fi kamawa, mai kauri da mai tsini sosai sai su ɓace masa. Shi ya sa a ɗaki Ɗan-Ɗaki ya ƙara kauri, ya ƙara tsini, ya kwashe tsakiya. A filin wasa kuwa, da aka ɗaga ƙara, kaurin ya kumbura ya shiga gonar mai bes, tsinin ya shiga ta faifan ƙarfen mai ganga, tsakiyar da ita ce gidan jita kuma babu kowa a ciki. Kana ganin yatsunsa suna gudu, kana ganin ya rufe ido ya cije leɓe, ba ka jin komai. Maganin da ya sani ɗaya ne, ya ƙara ƙara. Mai fiyano ya ji an taso masa, shi ma ya ƙara. Mawaƙiya ta juyo ta harari kowa. Daga can baya mai mikisa, wanda a duk rayuwarsa kalma ɗaya yake faɗa wa masu jita, ya ɗaga hannu: "Rage!" Ɗan-Ɗaki ya sunkuya ya taɓa maɓalli bai murɗa ba, ya ɗago ya ce, "Na rage, Oga." Mai mikisa ya gyaɗa kai, ya zare shi daga layi gaba ɗaya.

Yanzu mu zo kan babban malami, Shehin Waya Huɗu. Wannan ba makaɗi kaɗai ba ne, mai wa'azi ne, kuma abin haushin shi ne karatunsa daidai yake. Amfilifayar jita kashi biyu ce. Akwai na gaba, wanda ke ba sauti ɗanɗano da kaushi, akwai na baya, wanda ke ba shi ƙarfin tura sifika. A tsakaninsu, a bayan amfilifayoyi da yawa, an bar ramuka biyu, ɗaya an rubuta masa SEND ɗaya RETURN, don sauti ya fita ya yi yawo ya dawo. In kana son kaushin amfilifayarka ta gaske, kana kuma son eko ya zo bayan kaushin kamar yadda ƙa'ida ta ce, to sai ka raba akwatin gida biyu. Waya ta farko daga jita zuwa mashigar akwati. Ta biyu daga SEND na akwati zuwa gaban amfilifaya. Ta uku daga SEND na amfilifaya zuwa RETURN na akwati. Ta huɗu daga mafitar akwati zuwa RETURN na amfilifaya. Da haka fedar wah da 'yan uwanta suna gaban kaushi, eko da amon ɗaki suna bayansa, kowa ya zauna inda ya dace. Wasu akwatunan, irin GT-100, har da ramin waya ta biyar, wadda ke canza wa amfilifaya tasha daga sauti mai tsabta zuwa mai kaushi da taku ɗaya.

Shehi zai zana maka wannan a bayan katin gayyata, a ƙasa da tsinke, a tafin hannunka in ka tsaya. Matsalarsa ita ce bai yarda akwai inda ba a bukatarsa ba. Amfilifayar da ba ta da kaushin kirki, wadda waya ɗaya zuwa RETURN ta ishe ta, sai ya yi mata huɗu. Amfilifayar da aka yi haya, ba a san ciki da wajenta ba, minti biyar kafin amarya ta shigo, sai ya yi mata huɗu. In ya zagaya bayanta ya tarar ba ta da ramukan ma sam, sai ya tsaya shiru yana kallonta, ransa a ɓace, ya ce, "Wannan ai ba amfilifaya ba ce." Wayoyin nasa kuma duk baƙaƙe ne, tsawonsu ɗaya, ba alama a jikin ko guda. Ya musanya ta biyu da ta uku, ba sauti. Ya gyara, ya mance bai kunna madaukin SEND da RETURN na akwatin a cikin saitin ba, sauti ya tsallake gaban amfilifayar da aka yi duk wahalar dominsa. Ya kunna, ya mance bai kashe kwaikwayon amfilifaya na akwatin ba, kaushi ya hau kan kaushi, sifika ta fara kuka tun ba a taɓa tsirkiya ba. A wasu amfilifayoyin kuma, in ka shiga ta RETURN, maɓallin ƙara na gaba ba ya da iko da kai. Shehi ya murɗe shi zuwa sifiri, hankalinsa kwance, ya sauke hannu kan tsirkiya shida a lokaci guda. Tsofaffin da ke layin gaba su ne shaida.

In an tsallake duk wannan, sai gurnani ya zo. Akwati da amfilifaya yanzu suna haɗe ta hanyoyi da yawa, ta wayoyin sauti da ta wayar ƙasa ta soket, wuta ta sami da'irar zagayawa, sai ka ji huuum da ba ya yankewa. Wutar Najeriya da Nijar tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, saboda haka gurnanin ma yana da muryarsa, ɗan sama kaɗan da G ta ƙasa. Mai fiyano, wanda zama ya ishe shi, ya laluba ya samo ta, ya fara raka ta.

Mai rawar ƙafa shi ne wanda 'yan kallo suka fi so, ko da yake ba don abin da yake zato ba. Akwati yana ba ka hanya biyu ta amfani da madannai. Ko kowane madanni ya kira cikakken saiti, ko ka zauna a saiti ɗaya kowane madanni ya kunna ko ya kashe abu guda a cikinsa. Mai hankali yakan jera abin da waƙa ke bukata kusa da juna, uku ko huɗu a rukuni ɗaya, ya daidaita ƙararsu. Mai rawa kuwa sautin baitinsa yana lamba 03, na amshi yana 47, na inda zai nuna bajinta yana 12, don a ranakun da ya ƙirƙire su nan ya ga gurbi. Daga baiti zuwa amshi sai ya yi taku bakwai a kan ƙafa ɗaya, wuyan jita yana nuna rufi, harshe a waje. Duk lambar da ya ratsa kuma sai ta ce uffan kafin ya wuce. Ga 03 a hankali take, 47 kuwa ya haɗa ta ranar da ya yi faɗa da mai gidan haya.

Sannan ga takalmi. A ƙananan akwatuna da yawa, in ka taka madanni biyu tare, abin saita tsirkiya ne ke buɗewa, kuma yakan kashe sauti gaba ɗaya. Mai rawa ya sa sau-ciki mai faɗin baki saboda biki ne. Daidai inda mawaƙi ya nuna shi da hannu ya ce a ba shi fili, ya yi tsalle ya sauka kan biyu. Tsit. Allo yana sanar da shi cikin ladabi cewa tsirkiyarsa ta uku ta ɗan sauka. Wanda ya zo da babbar riga kuma ba ya ganin ƙasan ma, da tawakkali yake takawa. Mafi muni shi ne ranar da ƙafa ta faɗa kan mai naɗe sauti ya riƙa maimaitawa. Ya naɗi daidai inda yatsa ya zame, ya shiga maimaita kuskuren, zagaye bayan zagaye. A yawancinsu sai an taka sau biyu da sauri yake tsayawa. Mai rawa ya taka sau ɗaya, wato ya ce a ɗora wani a kai.

Da ya ga madannai sun yi masa kaɗan, sai ya sayo na waje ya ƙara. Nan ma akwai iri biyu, wanda ke riƙewa in an taka har sai an sake takawa, da wanda ke saki da an ɗaga ƙafa. Boss ma harafi ɗaya ya raba su da shi, FS-5L da FS-5U. Yawancin akwatuna mai saki suke so. Ya sayo mai riƙewa, yanzu komai sai ya taka sau biyu. Ya canzo, ya mance ɗan makunnin da ke juya aikinsa, yanzu abu yana kunnuwa in ya ɗaga ƙafa maimakon in ya taka. Ya sayo mai madanni biyu, ya jona shi da wayar jita mai zobe ɗaya a kai maimakon mai zobe biyu, ɗaya yana aiki ɗaya yana hutu. Akwai kuma madannin da ake taka wa eko bugun waƙa. In waƙa tana bugu 120 a minti, tazarar bugu ɗaya rabin daƙiƙa ce, milisakan 500, masu son salon The Edge na ƙungiyar U2 kuma su sa 375 don eko ya riƙa faɗawa tsakanin bugu, salon da masu jitar majami'u suka runguma hannu biyu. Lissafin yana aiki ne in mai ganga ya tsaya inda aka fara. Mai gangarmu kuwa da ya ga an fara liƙi sai ya ƙara wuta.

Mai adaftar aro ba ya daɗewa a sana'a, ko in ce akwatinsa ba ya daɗewa. Ya baro tasa a gida, ya leƙa bayan talabijin ɗin masu biki ya zaro ta dikoda, ya ga bakin ya shiga, ya ce ai wuta wuta ce. Fedojin Boss da masu bin tsarinsu volt 9 suke ci, kuma tsakiyar bakin ita ce mai alamar ɗebewa (-), wato akasin yawancin adaftocin kayan gida, waɗanda sau da yawa ma volt 12 ne. Akwai ɗan zane a jikin kowace adafta da ke faɗin haka, ƙanƙane, don masu haƙuri. Abin da ke biyo baya wari ne, siriri, wanda duk mai gyaran rediyo ya sani. Yayansa shi ne wanda aka aiko wa amfilifaya daga Amurka, inda wuta take volt 120, ya soka ta a tamu mai 230 don ɗokin ya ji muryarta. Ya kuwa ji, sau ɗaya. Ƙanensu kuma shi ne mai gyara saiti awa guda bai adana ba, a ɗauke wuta, a tayar da janareto, akwati ya farka bai san shi ba.

A gidan nan akwai wanda ba na yi wa dariya: mai karya ƙafar ƙasa ta fulogin amfilifaya don gurnani ya tafi. Gurnanin yakan tafi, gaskiya ne. Amma tsirkiyar jita a haɗe take da jikin amfilifaya ta cikin waya, kuma ƙafar nan ita ce hanyar da wuta za ta bi ta tsere in wani abu ya lalace a ciki. In babu ita, hanyar da ta rage ita ce hannun makaɗi da leɓensa a kan makirufo. A 1972 wuta ta kashe Leslie Harvey, mai jitar ƙungiyar Stone the Crows, a kan dandamali a garin Swansea na Birtaniya, gaban 'yan kallo. Gurnani yana da magani na halal: a jona akwati da amfilifaya a soket ɗaya, ko a sa ɗan akwatin da ke raba ƙasan wayar sauti.

Sai mai neman muryar wani. Shi ba ya son sautinsa, na Mdou Moctar yake so, ko na Bombino, in ya waiwaya baya kuma na Jimi Hendrix. Ya cika waya da saitukan da ya sauko da su daga intanet, kowanne da sunan gwani a jiki, an haɗa su da wata jita, da wata amfilifaya, a wani ɗaki. Kullum maganarsa, "Saura kaɗan." Kaɗan ɗin nan kuwa kullum yana cikin akwatin da bai saya ba tukuna. Ya sayar da Zoom ya sayi Boss, ya sayar da Boss da babur ya sayi Helix, wanda Line 6 ya fitar a 2015, yanzu kuma ya ji labarin Kemper na Jamus, wanda tun 2011 yake iya sauraren amfilifayar gaske ya kwafe halinta. In ka tuna masa cewa Mdou Moctar da wayar birkin keke ya yi tsirkiyar jitarsa ta farko, kuma bahago ne, sai ya yi shiru yana tunani. Kada ka ɗauka ya gane. Tunanin juya jitarsa yake.

A gefe, kan kujerar roba, Baba mai waya ɗaya yana kallon kowa yana murmushi. Shi ya ga wasan Bala Miller da idonsa, kuma ba za ka rabu da shi ba ka ji wannan ba. "Ku yaran yanzu da ƙafa kuke kiɗa," in ji shi. "Mu sautinmu a yatsa yake." Kada ka gaya masa cewa Roland JC-120 ɗin da yake taƙama da ita, tun da aka fara yin ta a 1975 da mai sa sauti lilo a cikinta ta zo, kuma nasa a kunne yake shekara da shekaru. Kada ka gaya masa samarin Legas na shekarun 1970, irin su BLO da Ofege, da kaushi suka yi suna, ko cewa a 1964 Dave Davies na ƙungiyar The Kinks reza ya sa ya tsaga sifikarsa don ya sami abin da yau ake samu da taku ɗaya. Zai ce wannan daban. Sai dai a ba shi haƙƙinsa: cikin minti biyu ya gama shiri, kuma in komai ya rikice shi ake juyowa a ce, "Baba, riƙe mana waƙar." Da an tashi kuma, in ya ga ba kowa, yakan matso ya ɗan taka fedar wah da bakin silifas, ya ja da baya da sauri.

Bari-in-ɗan-taɓa ba ya da akwati, ba ya kuma da niyyar saya. Kai dai ka je alwala ko ka fita amsa waya. Ka dawo ka same shi tsugune, yana cewa, "Na ɗan gyara maka ne, ɗan'uwa, tsinin ya yi yawa." Ya kuma danna WRITE, sau biyu, don gyaran ya zauna. Saitin da ka yi wata uku kana renonsa ya tafi, kai kuma ba ka taɓa kwafe shi a kwamfuta ba, duk da ramin USB da ke baya yana kallonka tun ranar da ka saya. In ka nuna ɓacin rai ya ce kada ka damu, ya san yadda ake mayar da akwatin yadda ya fito daga kamfani. Kafin ka ce kada, ya mayar. Yanzu sauran saitukan ma sun bi sahu.

Duk ƙungiya kuma tana da yaro. Ba a sa sunansa a fosta, ba a ba shi makirufo, kuɗin mota kawai ake ba shi, wani lokaci a mance. Shi ke ɗaukar amfilifaya a ka, shi ke naɗe waya, shi ya sayo salatif kala huɗu da kuɗinsa ya liƙa wa wayoyin Shehi alama, Shehi ya ɓamɓare ya ce an ɓata masa kaya. Littafin da aka ba mai ƙosai, shi ya karɓo rabinsa ya karanta. Ba ya magana sai an tambaye shi, kuma ba a tambayarsa sai an gama zargin kowa.

Ga yadda abin yake faruwa. An cika zaure, an gabatar da ƙungiya, maigida ya sauke hannu kan jita, ba sauti. A zargi mai mikisa, ya ɗaga hannu biyu sama. A zargi janareto. A canza waya, a canza ta biyu. Mahaddaci ya fara karanto shafi na 38. Shehi ya ce da an yi huɗu da ba a ga haka ba. Bari-in-ɗan-taɓa ya fara naɗe hannun riga. Baba ya gyara zama. Maigida yana zufa, ya ce gobe da safe zai mayar wa Alhaji kayansa. Sai yaro ya matso a ɗarare, ya durƙusa, ya yi ƙasa da murya yadda ba wanda zai ji.

"Oga, fedar ƙara ce a ɗage. Ka taka ta gaba."

Maigida ya dube shi, ya dubi feda, ya taka. Jita ta yi tsawa, mata suka rangaɗa guɗa.

"Na sani," in ji maigida. "Gwada ku nake in ga wa ke lura. Kai kuma wa ya ce ka hau dandamali da silifas?"